Ƙofar da Muka Fasa wa Baba

Abubuwa da yawa sun faru da ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, wasu ma ko an tuna mini sai dai in yi ta zare ido. Amma bazarar da muka fasa tagar ɗakin Baba muka mai da ita ƙofa, wannan kam ina jin har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Ko yau na wuce inda ake kwaɓa ƙasar gini na ji ƙanshinta, sai in ga kaina a bayan gidanmu na Wudil, da diga a hannu, gumi yana shiga mini ido.

Lokacin kuɗin man fetur sun fara shigowa ƙasar nan da ƙarfinsu, ba a daɗe da barin fam da sule an koma naira ba. Ni ina aiki a wata masaƙa a Kano, saurayi da ni, ga sabon babur ga rediyo mai jaka, ina tafiya ina ɗaga kafaɗa kamar ni na haƙo man. Ni ne auta a ɗakinmu, kuma ni ne mai gaggawa. Yayana, ɗan farin Inna, manomi ne, mutum ne da kafin ya ce uffan ka gama cin tuwo ka wanke hannu.

Baba dillalin shanu ne a kara. Duk wanda ya san kasuwar Juma'a ta Wudil a wancan zamani ya san muryarsa, don tun daga nesa za ka ji dariyarsa kafin ka hango hularsa. Ba ya iya cin abinci shi kaɗai, ba ya iya shiru. Akwai wata tsamiya a bayan gidanmu, a bakin hanyar da ake koro shanu zuwa kara, nan ne majalisarsu. Da an sallame la'asar za su baje tabarmi, su yi ta gardama a kan farashin bijimi da labarin damina har a kira magariba. Wata ranar kasuwa ya dawo gida, ya sunkuya zai ɗauki buta, ya faɗi. Aka kai shi asibiti a Kano, aka yi abin da za a iya, aka dawo mana da shi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi.

Gidanmu irin ginin da ne, na ƙasa. Ka shiga zaure, ka karya kwana a shigifa, ka tsallake dokin ƙofa, ka sake karya wata kwanar, sannan ka faɗa tsakar gida inda mata suke. Ɗakin Baba yana can ƙurya, bayansa ya jingina da hanya. Abokansa kuwa dattawa ne masu kunya, ba mai ƙetare zaure ya shiga cikin matan wani. Da farko an riƙa kawar da mata ana shigo da su ɗaya bayan ɗaya, su yi masa sannu a tsaitsaye su fita. Abin bai ɗore ba, don ba kullum za a riƙa tayar da gida guda ba. Daga baya sai dai su yi sallama a zaure, a shigo a ce wane yana gaishe ka. Kwantar da shi a zauren kuma ba zai yiwu ba, don hanyar kowa ce, ta nan awaki suke fita, ta nan jakin Yaya yake shiga, kuma mai jinyar da sai an juya shi an gyara shi ba a shimfiɗe shi a idon jama'a.

Sau ɗaya muka gwada fito da shi. Ni na kama ƙafafu, Yaya ya tallafe hammata. A kwanar shigifa wurin ya yi mana ƙunci, muka jirkice, hularsa ta faɗi, rigarsa ta yaye, ga matan gida suna kallo. Mutumin da yake riƙe ƙahon bijimi da hannu ɗaya, yau ga shi ana cicciɓarsa kamar buhun gero. Da hannunsa mai lafiya ya dafe bango ya ƙi a wuce da shi. Muka mai da shi ɗaki. Tun daga ranar, ko zancen fita aka yi masa sai ya runtse ido.

Ɗakin yana da wata ƴar taga a sama, wadda da ƙyar kan mutum zai shiga. Ta nan muryoyin majalisa suke shigo masa. Wata ranar Lahadi na zo daga Kano, na shiga ɗakin ba tare da ya ji ni ba. Na tarar ya ja jiki har gindin bango, ya miƙa hannun hagu sama yana lalube, yana son ya kama bakin tagar ya ɗaga kansa. A waje ana ta shewa, wani ya ba da labari ana dariya. Hannun ya kasa kaiwa, ya zame. Wallahi ban taɓa jin abin da na ji a ƙirjina ranar ba. Na koma da baya na tsaya a tsakar gida, don kada ya san na gan shi.

A nan tsaye tunanin ya zo mini. Tsakanin Baba da mutanensa bango ne kawai, bangon ma da huda a jikinsa. Me zai hana a ja tagar nan har ƙasa ta zama ƙofa?

Inna na fara tunkara, tana zaune tana tankaɗe. Ta ajiye rariya ta dube ni.

"Auta, zaman birnin ne ya fara taɓa ka? A ina ka taɓa ganin ɗakin kwanan magidanci ya buɗe baki a kan hanya?"

"Inna, a Kano duk sababbin gidaje haka ake yi."

"To ai nan ba Kano ba ne. Gida ƙofarsa ɗaya. Ka huda mana baya, kowane mai koro shanu ya riƙa ƙirga mana tukwane?"

Na yi ta kawo hujja, tana ture su ɗaya bayan ɗaya. Yaya yana gefe yana gyaran ƙotar fartanya. Inna ba ta yi masa magana kai tsaye, kunyar ɗan fari, sai ta ce da iska, "Shi wancan ba shi da baki ne?" Yaya ya daɗe kafin ya ɗago, ya ce, "A tambayi mai ɗakin." Muka shiga mu uku. Na durƙusa na yi wa Baba bayani, ina nuna tagar, ina ja da yatsa har ƙasa. Ya kalli tagar, ya kalli Inna, ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya ce, "Fasa." Inna ta gyara mayafinta ta ce, "Shi ke nan, Malam ya yanke." Ta fita, amma na ga ranta bai so ba.

Sai neman magini. A nan na san zamani ya juya. Maginin unguwarmu ya tafi Kaduna aikin ginin bariki. Na hau babur na je Dagumawa wajen wani da aka kwatanta mini, aka ce shi da ƴaƴansa suna Kano, ɗan kwangila ya kwashe su. Na je Achika, labarin ɗaya ne. Duk wanda ya iya riƙe cokalin gini a shekarun nan ya bi siminti ya tafi, ba mai waiwayar ginin ƙasa. Ga bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa ta gabas, in ruwa ya sauka kuwa ba a taɓa bangon ƙasa. Na dawo na ce da Yaya, "Mu yi da kanmu." Ya ce, "Ka taɓa yi?" Na ce, "Fasa bango ne fa, ba ƙera jirgi ba." Na ɗauki hutu a wajen aiki.

Muka mai da Baba ɗakin Inna, muka kwashe kayan ɗakin. Ni dai na so in fara sara da diga tun da sassafe, amma Yaya ya riƙe ƙotar. Ya nuna mini azarorin da suke kwance a saman tagar, gajeru ne, daidai faɗinta aka yanka su, kuma nauyin rufin soron yana bisansu. In muka faɗaɗa ramin ba mu sa dogaye ba, rufin a kanmu zai sauko. Muka samo azara dogaye daga wani kangon kawunmu, muka tokare rufin daga ciki da itace biyu masu gwafa, muka rarake gurbi a hankali ta kowane gefe, muka zura sababbin azarorin ɗaya bayan ɗaya muna cusa kwaɓaɓɓiyar ƙasa a bakinsu. Ana cikin haka wani ɓangare ya ɓalle, ƙasa ta zubo mini a ka, rufin ya yi wata ƴar ƙara. Ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakar gida ba, takalmi ɗaya a ƙafa. Yaya ko motsi bai yi ba, kafaɗarsa tana ƙarƙashin azara. Ya ce, "Ɗan birni, in ka gama gudun, miƙo mini ƙasa." Har ya rasu yana tsokanata da wannan gudun.

Da azara ta kama, sai muka shiga sara daga bakin tagar zuwa ƙasa. Wanda bai taɓa fasa ginin mutanen da ba, bai san ƙasa tana da taurin kai ba. Kaurin bangon ya kai tsawon hannuna. Kakanmu ne ya gina shi da tubali, kuma kowane tubali da muka ɓanɓaro sai ka ga shatin yatsun wanda ya mulmula shi. Diga tana tashi tana dawowa, tafin hannuna na ɗan masaƙa ya yi ƙulu-ƙulu da ruwa ya fashe. Ƴan majalisa suka matsar da tabarminsu gefe suna kallo, kowa da shawararsa. Wannan ya ce mun karkace hagu, wancan ya ce dama. Da haske ya faɗa ɗakin gaba ɗaya, sai wurin ya zama kamar ba shi ba, har wani tsohon carbin Baba da ya ɓata tun tuni muka gani a bayan gado.

Wani kafinta a bakin kasuwa ya haɗa mana katakon ƙofa da ƙyauren kwano. Muka kafa, muka daidaita da zare da dutse, muka cike gefe da gefe da ƙasar da aka kwaɓa da ramno, wato busasshiyar ciyawa, muka yaɓe. Dokin ƙofar muka yi shi gajere don kada ya wahalar da mai jinya, muka tayar da ɗan dakali a waje saboda ruwan damina. Na sa sakata, na shafa wa ƙyauren shuɗin fenti. Tarin ƙasar da muka fasa kuma muka tura shi gefe, da niyyar Yaya ya kwashe a jaki ya kai gona. Na ja da baya na kalli aikinmu, na ji duk Wudil ba wanda ya kai ni.

Muka mai da Baba ɗakinsa ana gobe Juma'a. Da safe Inna ta goge masa jiki, ta sa masa farar riga da hularsa ta zuwa kara, muka jingina shi da matasai yana fuskantar sabuwar ƙofa. Na buɗe ƙyaure. Shanu suna wucewa garke-garke, Fulani da sanduna a kafaɗa, ƙura da ƙanshin kashin shanu suna shigowa. Idon Baba ya yi ta bin su. Rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin ya faɗi.

Wanda yake jira na san shi. Akwai taubashinsa da yake zuwa daga Kausani duk ranar kasuwa a kan keke, muna kiransa Baban Kausani. Tare suka tashi, kuma tunda nake ban taɓa jin sun yi wa juna magana mai daɗi ba, kullum cikin tsiya suke, wannan ya ce wancan bawansa ne. Bayan an sauko daga masallaci sai ga shi. Ya jingina keke da tsamiya, ya nufo ƙofar yana murmushi, har ya fara cire takalmi. Daidai lokacin iska ta ɗaga labulen da muka rataya a tsohuwar ƙofar ɗakin, wadda take kallon tsakar gida. Ƙofofin biyu sun yi saiti da juna, ni ban taɓa lura ba. Daga inda yake tsaye ana hango komai: matar Yaya tana daka, zannuwa a kan igiya, ga Inna tana tahowa da ƙwarya ba mayafi. A cikin ɗakin ma ga tabarmarta, ga faifanta, ga ɗankwalinta a kan ƙusa.

Baban Kausani ya sunkuyar da kai kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya mai da takalminsa. Daga nan waje, fuskarsa a gefe, ya ce, "Sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi." Na ce, "Baba, shigo mana, ai don ku aka yi." Ya ce, "A'a, ɗana, nan ma ya isa." Ya ja kekensa ya zagaya zuwa zaure, ya yi sallama a can kamar yadda ya saba, ya ba da goro a kawo. Sauran dattawan da suka ga haka, ba wanda ya matso. Da la'asar ma suka ɗauke tabarminsu daga inda suka saba, suka koma ɗaya gefen tsamiyar inda idonsu ba zai faɗa cikin gidan ba. Muryoyin da Baba yake ji ta taga, yanzu ko su ba ya ji sosai.

Baba ya cire hular da hannun hagu ya ajiye. Ya yi mini nuni in rufe ƙyauren. Ya juya fuskarsa bango, aka kawo abinci ya ƙi ci. Washegari ma ruwa kawai ya kurɓa. Haushi ya cika ni, na riƙa zagaye tsakar gida ina faɗa, ina cewa tsofaffin nan sun cika ƙaƙale, mutum ya fasa bango da hannunsa saboda su, su tsaya suna kunyar labule. A raina kuwa tsoro ne. Na sa masa rai na kuma kayar da shi, kuma jikin da yake ciki ba zai jure rashin abinci ba.

Inna ta bar ni na gama bambamina. Ina jiran ta ce ai ta faɗa, ba ta ce ba. Tambaya ta yi.

"Ƙasar nan da kuka fasa, an kai ta gona?"

"Tana nan."

"To a shigo da ita a jiƙa."

Ta tashi ta je bakin tsohuwar ƙofar ta tsakar gida, ta ja layi da ƙafarta a ƙasa, ta karya shi kamar kwanar shigifa. Ta ce a tayar da katanga a nan, ta wuce tsayin mutum, yadda wanda yake cikin ɗaki ba abin da zai gani sai bango.

Na ce, "Inna, in sun ƙi shigowa kuma fa?"

Ta ce, "Kai rami ka yi musu. Su ba sa shiga ɗakin da mace take kai da kawo a ciki, ko ƙofa goma ka fasa. Zaure suke shiga. To zaure za mu ba su."

Ban gane nufinta duka ba sai da na ga ta shiga ɗakin tana tattara kayanta. Ta naɗe tabarmarta, ta ɗauke faifai da ƙwarya da ɗankwalin da yake kan ƙusa, har ƴar kujerar da take zama a kai tana ba shi kunu. Matar nan tunda Baba ya kwanta ba ta taɓa yin nisa da shi ba, ita take juya shi, ita take gane maganarsa in ta sarƙe. Ta ce daga yau, da hantsi ya yi ba za ta ƙara taka ɗakin ba sai an yi magariba, abin da yake bukata da rana shi wancan ya yi, wato Yaya.

Na ce, "Inna, za ki iya?"

Ta ce, "Auta, ni nawa ne dare da safiya, ba wanda ya taɓa raba ni da su. Rana kuwa tun muna da ƙuruciya tasu ce, ciwo ne ya kawo mini ita. Ku mayar musu da abinsu."

Muka jiƙa ƙasar kakanmu, muka tattaka ta da ƙafa, muka sake mulmula ta. Abin da muka cire daga gindin taga, shi muka tayar a tsakar gida, muka ƙara da ta kududdufi da bai isa ba. Inna ta sa Yaya ya je bakin kogi da jaki ya ɗebo yashi mai laushi, aka baza a ɗakin kamar yadda ake yi wa zaure. Aka shimfiɗa buzu da tabarmi, aka girke randa a bakin ƙofa da moɗa a kai, aka jera butoci a kan dakali. Baba yana kwance yana bin mu da ido. Bayan magariba Inna ta ce masa, "Malam, in ba ka ci ba, da wane ƙarfin za ka karɓi baƙi?" Ya sha kunu rabin kofi.

Juma'a ta zagayo. Bayan masallaci Baban Kausani ya iso, ya wuce kai tsaye gindin tsamiya, ko kallon ƙofar bai yi ba. Inna ta dama fura a babbar ƙwarya, ta miƙo ta bayan katanga, ta ce in ajiye a gaban Baba, kada in kai waje. Ta faɗa wa Yaya abin da zai ce, ta hanyar faɗa mini ni. Yaya ya fita ta sabuwar ƙofar, ya durƙusa a gaban dattawan, ya ce, "Baba ya ce ku shigo zaure ku sha fura."

Dattawan suka dubi juna. Baban Kausani ya taso a hankali, ya tsaya a kan dakali, ya saci kallo ciki. Ya ga yashi, ya ga buzu, ya ga randa, ya ɗaga ido ya ga jan bango a inda ya ga tsakar gida wancan makon. Ya cire takalmi. Ya yi sallama da ƙarfi irin ta zaure, ya sa kai.

Ya tsaya a kan Baba ya riƙe ƙugu. "Kai, ashe ƙarya ake yi mini! An ce bawana ba shi da lafiya, ashe lalaci ne. Ka samu wuri ka kwanta ana dama maka fura, shanu suna can ba mai sayarwa."

Bakin Baba ya fara rawa. Na ɗauka kuka zai yi. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna shi, ya tattaro duk ƙarfinsa, ya ce, "Ɓa... ɓarawo."

Baban Kausani ya faɗi zaune a kan buzu yana dariya, hawaye yana bin gemunsa. "Kun ji ko? Duk maganar duniya ta gudu ta bar shi, zagina ne kawai ya rage!" Sai ga dariyar Baba. A karkace ta fito, rabi-rabi, amma ita ce, wadda ake ji tun daga nesa. Sauran dattawan suka taso ɗaya bayan ɗaya, takalma suka taru a kan dakali. Ludayi ya yi ta zagayawa, Baba ya sha fura har ta zubo masa a riga, ba wanda ya damu. Can wani Bafulatani tsohon abokin cinikinsa ya zo wucewa da bijimin da bai sayu ba, aka kira shi, ya jawo shi har bakin ƙofa ya buɗe masa baki. Baba ya leƙa haƙoran, ya girgiza kai ya ce, "Tsoho." Ɗakin ya kaure da shewa, Bafulatanin yana rantsuwa yana dariya.

Na zagaya ta zaure na shiga cikin gida in ɗebo ƙarin ruwa. A bayan sabuwar katangar na tarar da Inna zaune a ƴar kujerarta, ta jingina kanta da bangon da bai gama bushewa ba, abawa da mazari a cinyarta ba ta kaɗi. Tana jin dariyarsa tana share ido da gefen zane. Da ta gan ni sai ta ɗaure fuska ta ce, "Me kake kallo? Wuce ka kai musu ruwa."

Baba ya ƙara damina biyu a duniya, kuma bai sake cin abincin rana shi kaɗai ba. Majalisa ta tashi daga gindin tsamiya ta koma ɗakin, in ana ruwa ma ba a fashi. Inna ba ta taɓa karya ƙa'idarta ba, kullum tana bayan katangar nan daga la'asar zuwa magariba, har wurin da take jingina kai ya yi santsi. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, ta wannan ƙofar aka fito da shi, a miƙe, a kafaɗar abokansa, ba kwana ba jirkicewa. Baban Kausani ne a gaba.

Yanzu gidan ya zama na siminti, tsamiyar ma an sare ta da aka faɗaɗa hanya. Jikoki sun so a rushe tsohon ɗakin a yi shaguna, na ce su bari sai bayan raina. Shuɗin fentin ya koɗe, ƙyauren ya yi tsatsa, katangar Inna kuma duk shekara sai na sa an yaɓe ta kafin ruwa ya sauka.

Abin da na koya a bazarar nan shi ne, in za ka yi wa mutane hanya, ka fara sanin abin da yake hana su tahowa, don sau da yawa ba bango ba ne. Ni na ga bango na fasa, na zaci na gama. Inna ce ta san kunyar mutanenta, ta san kuma abin da za ta bari kafin su shigo, ta bar shi ba tare da ta yi wa kowa gori ba. Har yau in aka ce ni na yi wa Baba ƙofa, nakan ce a'a, ni diga kawai na riƙe. Allah ya jiƙansu duka, ya haɗa mu da su a inda ba a rabuwa.